Layi na Biyu

Litinin, 3 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Likita ta ce in riƙa rubuta awon hawan jinina a wannan littafin. To ga shi: 148 bisa 86. Sauran shafin nawa ne, babu ruwan likita.

Farin ambulan ɗin ofishin gidaje ya iso. Shekara ashirin da shida ke nan yana zuwa a makon farko na Maris, ko sau ɗaya bai taɓa ɓatan hanya ba. Fom ɗin nan dai da na haddace: wa da wa ke kwana a gidan, nawa kowa yake samu, sa hannu a ƙasa. Su tara, su ɗebi talatin cikin ɗari, shi ke nan hayar sabuwar shekara ta fito. Layi na farko ni ce, Odília Raposo, fansho. Layi na biyu ɗana Telmo, shekara talatin da huɗu. Shekara biyar a jere ina rubuta "babu" a gaban sunansa.

Bana babu halin rubuta babu. Tun watan Mayu yake aiki a gidan burodin titin Barton. Wata goma! Ban taɓa faɗar adadin a fili ba, tsoron bakina nake yi. Wata goma yana fita tun kafin gari ya waye, ya dawo da tsakar rana da burodi guda mai zafi a cikin rigar sanyinsa, ya ajiye a tebur ya ce, "Mama, ga albashinki."

Na tura ambulan ɗin ƙarƙashin kwandon lemu. Sun ba ni zuwa ranar sha huɗu.

Talata, 4 ga Maris, ƙarfe biyu na rana

Na yi lissafin a bayan takardar coci. Yanzu dala 560 nake biya. In aka sa albashinsa za ta koma 1,400. Na sake yi har sau uku, ko Allah zai sa na yi kuskure. Ban yi ba.

Ba kuɗin ne suka hana ni sukuni ba. Shekara shida da suka wuce ya taɓa samun aikin lodin kaya, haya ta yi tsalle, ya zauna a wannan teburin da wasiƙar a hannunsa ya ce, "Ashe ofis nake yi wa dako." Mako biyu ya ajiye aikin. Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Asibiti ya sani, ni na sani, matakalar hawa na huɗu da na tsince shi a kanta ta sani.

Ba zan sake ganin waccan fuskar a teburina ba. Na faɗa, na kuma rubuta.

Laraba, 5 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Ranar Toka, farkon azuminmu, Fada ya shafa mana toka a goshi. Daga coci na biya ɗakin wanki, na tarar da Bernadine ta hawa na bakwai ta baje a kan benci tana jiran injin. Shekara ashirin muna tare a benen nan, kuma har yau ban ga ranar da bakinta ya huta ba. Kallo ɗaya ta yi mini ta ce, "Ambulan ya zo ke nan. Fuskarki duk ta faɗa."

Na gaya mata. Ta kwashe da dariya har da tari.

"Ke Odi, wai yau kika zo duniya? Cire shi daga takarda mana! Ki ce ya koma wajen dangi. Ya goge sunansa daga akwatin wasiƙa, ya riƙa kauce wa ƙofar ofis, shi ke nan. Babbar 'yar Misis Tesfay shekara uku ke nan da tashi, wai. Jiya na hau lif da ita da kayan barci a jikinta. Rabin benen nan fatalwa ne, 'yar'uwa."

Na ce, "Haba Bernadine. Da toka a goshina kike koya mini ƙarya?"

Ta ce, "Tokar kafin Juma'a ta goge. Hayar kuwa shekara za ta yi a wuyanki."

Da na ɗauki kwandona zan fita ta riƙo hannun rigata. "Amma fa ki gaya masa. Dole fatalwa ta san ita fatalwa ce."

Na ce mata ni ban ce zan yi ba.

Alhamis, 6 ga Maris, ƙarfe takwas na yamma

Ya je taronsu na masu barin giya, na ranar Alhamis a ƙasan coci, ya dawo lafiya. Yana cin miyar kabeji ya ɗago ya ce, "Mama, takardar ofis ba ta zo ba? Ai lokacinta ya yi."

Na ce ba ta zo ba.

Yana ta murza babban yatsansa a gefen tebur. Na san wannan murzar. Abin yana cinsa tun kafin ma ya ga lambar. 155 bisa 90.

Lahadi, 9 ga Maris, bayan coci

Fada ya yi wa'azi a kan jarabawa. Ban ji komai ba, lissafi nake yi.

Talata, 11 ga Maris, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na kai fom. Ba na son magana.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe goma na safe

To, bari in rubuta, ko na samu ya sauka daga ƙirjina.

Ba wata babbar ƙarya na zuba ba. Layi ɗaya kawai na bari fari. Sai wata 'yar takarda da Charlene ta ofis ta miƙo mini, ta wanda ya tashi, na sa adireshin ƙanena Gilberto na garin Brantford, na sa hannu. Minti huɗu, har da neman biro.

Abin da ban shirya masa ba shi ne murnar Charlene. Shekara sha ɗaya take a ofishin nan, ita ta kira motar asibiti a wancan karon. Ta cire tabarau ta dafe ƙirji ta ce, "Kai, Misis Raposo! Telmo ya tsaya da ƙafarsa? Kin faranta mini rai yau. Ki gaishe shi, ki ce ina alfahari da shi." Na ce zai ji. Na juya na nufi lif.

Yau zan gaya masa idan ya dawo.

Laraba, ƙarfe uku na rana

Ya dawo da gwangwanin fenti. Wai ɗakinsa zai shafe, launin ruwan toka mai haske, ya gaji da koren nan na tun yana makaranta. Yana ta zuba surutu, garin fulawa a girarsa. Ta ina zan fara? Gobe.

Asabar, 15 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Na dafa masa kifi mai gishiri da dankali da ƙwai, irin na babansa, don in samu bakin magana. Ya cinye, ya ƙara, ya wanke kwanukan yana waƙa da muryarsa mai kama da ta akuya. Na ce, "Telmo." Ya ce, "Na'am, Mama?" Na ce ya bar ruwa yana zuba.

Ya sake tambayar takardar. Na ce sun ce bana sai Afrilu. Ya ce, "Ikon Allah, ofis ya yi latti, duniya ta zo ƙarshe."

Ƙarya ta uku ke nan, in ban ƙirga ta Charlene ba. Ni da nake marin bakinsa yana yaro a kan ƙaryar alewa.

Laraba, 19 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Amsar ofis ta zo. Daga ɗaya ga Mayu, dala 574. Ƙarin sha huɗu kacal. Na zauna ina kallon takardar ina jiran in ji daɗi, har shayina ya huce. Na ninke ta na cusa a cikin littafin addu'a. 151 bisa 88.

Juma'a, 21 ga Maris

Ba yau ba.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe bakwai na safe

Jiya da sha biyu da rabi ƙararrawar ƙofar ƙasa ta yi ƙara. Na ɗaga na ce waye. "Ni ne, Mama. Buɗe mini." Tun da muka tare bai taɓa danna ƙararrawar gidan nan ba.

Makullin ne. Tun kakar bara suka cire mana makullan ƙarfe suka ba kowa ɗan abin da ake dangwalawa a ƙofa, kowanne da sunan mai shi a na'urar ofis. An cire suna, abin ya mutu. Ni ko a mafarki ban kawo wannan ba. Ya dangwala ya ƙi, ya sake ya ƙi, sai ya nufi ofis zai kai ƙorafi.

Ya shigo, ya ajiye burodi a tebur kamar kullum. Bai cire rigar sanyi ba.

Ya ce, "Charlene ta taya ni murna. Har da runguma. Wai yaya Brantford, yaya Kawu Gilberto."

Na ja kujera na zauna. Na ce, "Me ka ce mata?"

"Na ce lafiya lau. Na ce mantuwa na yi ban mayar da makullin ba, na miƙa mata." Ya dube ni. "Ko so kike in ce ina nan? Kin san abin da suke yi wa wanda ya sa hannu a kan ƙarya? Tallafin hayar za su yanke, su saka miki kayanki a bakin titi, da shekara sittin da takwas ɗinki."

Na ce, "Telmo, saboda kai na yi."

Ya ce, "Na sani. Ai abin ke nan."

Da ya yi ihu da ya fi mini. Da ya fasa kofi, ya zage ni, da na san yadda zan yi da shi. Sai kawai ya shiga ɗakinsa da bai gama bushewa ba, ya zuba kaya a jakar wasanni. Na tsaya a bakin ƙofa ina ta zuba: ai kowa haka yake yi, ai 'yar Misis Tesfay, ai zan ba ka nawa makullin, ai ta ƙofar baya babu mai gani.

Nan ya tsaya. "Ta ƙofar baya. Shekara biyar ina shigowa gidan nan ta ƙofar baya don kada maƙwabta su ga yadda nake. Wata goma ke nan ina bin ta gaba, ina gaida mutane."

Na ce ina za ka. Ya ce, "Takarda ta ce na tashi. Bari in mayar miki da ita gaskiya, kada a kama ki."

Ya sumbace ni a ka ya fita. Na ji lif ya sauka hawa tara, ɗaya bayan ɗaya.

Lahadi, 23 ga Maris, ƙarfe takwas na safe

Kofi biyu na sauko da su. Na mayar da ɗaya.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe ɗaya na rana

Wayarsa tana shiga, ba ya ɗagawa. Na bar saƙo huɗu. A na farko na yi faɗa, a na huɗu ban ma san abin da na ce ba. Na kira Gilberto, ya ce bai gan shi ba, ya ce wai me ke faruwa. Na ce babu komai, gaisuwa ce.

Burodin Juma'a ya bushe. Ban yanka ba. 167 bisa 95.

Talata, 25 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Na sauka hawa na bakwai na wanke Bernadine tas. Na ce bakinta ya rushe mini gida. Ta tsaya da silifa a ƙafa ɗaya tana saurare har na gama, sannan ta ce, "Na ce ki gaya masa ko ban ce ba?"

Na ce ba ta faɗi zancen makulli ba.

"Ni na san zancen makulli? 'Yar Tesfay da na ƙaninta take shiga! Ke kuwa kin je kin binne mutum da ransa, ko sanarwa babu. Shigo ki sha shayi kafin ki faɗi a ƙofata, ba ni da ƙarfin ɗaga ki."

Ban shiga ba. Gaskiyarta ce ta ƙara ba ni haushi.

Alhamis, 27 ga Maris, ƙarfe takwas na yamma

Na tsaya a rumfar jiran bas da ke kallon ƙofar ƙasan coci tun shida da rabi. Na ƙirga mutum sha tara sun shiga taron. Ba ya ciki. Bas uku suka tsaya mini, ina ɗaga musu hannu su wuce.

Ya Ubangiji, ni na yi laifin. Kada ka karɓa a jikinsa.

Juma'a, 28 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Na hau bas zuwa Barton. Matar da ke kan kanta ta ce ya ɗauki hutun kwana uku farkon mako, amma jiya ya dawo, yana ciki wajen tanda, ko ta kira shi? Na ce a'a, kada ma ta ce na zo. Na sayi burodi guda. Dala huɗu da rabi. Ashe tsadarsa ke nan, ban taɓa sani ba.

Kwana uku. Ina ya yi su? Da wa? Na hana kaina tunani, kaina ya ƙi hanuwa.

Litinin, 31 ga Maris

172 bisa 98. Na sha maganin. Ƙanƙarar bakin tagarsa ta narke.

Laraba, 2 ga Afrilu, ƙarfe sha ɗaya na safe

Wani farin ambulan kuma. Na ɗauka kuskure ne, ai an gama da ni bana.

Wai tunda yanzu ni kaɗai ce a gida mai ɗakin kwana biyu, gidan ya fi ƙarfin buƙatata, akwai iyalai a layi. Lamba 208 a hawa na biyu ta samu, ta marigayi Mista Szabo, ɗaki ɗaya. Tayi ɗaya ake yi wa mutum. In na ƙi, tallafi ya tafi. In amsa kafin sha ɗaya ga wata, in tashi kafin ƙarshensa.

Na san wannan dokar. Kowa a benen nan ya san ta. Da idona na ga an sauko da Misis Duarte bayan rasuwar mijinta da auren 'yarta. Amma ranar da nake riƙe da biro, ko kusa ba ta zo mini ba, domin a kaina Telmo yana ɗakinsa yana barci. Su Tesfay suna da sauran yara a takarda. Ni layi biyu gare ni, na share ɗaya.

Shekara ashirin da shida. A ƙofar kicin ɗin nan babansa ya riƙa zana tsawonsa da fensir. In na sauka 208, ko ya huce ya ce zai dawo, ina zai dawo?

Alhamis, 3 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Na sa baƙar rigata ta zuwa jana'iza na sauka ofis. Na zauna a gaban Charlene na ce, "'Yata, na zo in faɗi gaskiya ne. Telmo bai taɓa..."

Ta ɗaga hannu. Ta tashi ta rufe ƙofa, ta dawo ta ajiye bironta a tebur a hankali.

"Misis Raposo, kafin ki ƙarasa. Duk abin da aka faɗa a kujerar nan dole in rubuta, in na rubuta kuma ba ni ke yanke hukunci ba. Tambaya ɗaya zan yi miki. Yau, a yanzu, Telmo a gidanki yake kwana?"

Na ce a'a.

"To takardarki daidai take. Ban ji komai ba bayan wannan."

Na ce to a mayar da sunansa. Ta ce sai shi da kansa ya zo ya nema, a cike wani fom, a jira watanni, kuma an riga an ba wata mata mai 'ya'ya uku lambar gidana, shekara tara tana jira. Idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ranar da ya zo da makullin na gane. Fuskarsa ce ta gaya mini, amma bakinsa ya kare ki. Ɗa gare ki, Misis Raposo."

Na sa hannu a kan 208. Hannun nan dai, biron nan dai.

Alhamis, ƙarfe takwas na yamma

Rumfar bas. Mutum ashirin da ɗaya. Na ashirin da ɗayan shi ne, ya makara, yana sauri, hula a ka. Bai gan ni ba. Na zauna a bencin na yi kuka har wani ɗan Indiya ya tambaye ni ko na ɓata ne.

Lahadi, 6 ga Afrilu, ƙarfe huɗu na yamma

Bernadine ta hau da kwalaye shida da ta roƙo a kantin giya. Na ce ta rasa kwalayen da za ta kawo gidan nan sai waɗannan? Ta dubi rubutun jikinsu, ta dubi ni, ta ce, "Af." Muka juya su ciki waje muka manne. Ba ta ce mini komai a kan ranar Talatar can ba, ni ma ban ce ba. Ta naɗe mini kofuna a jarida tana ba ni labarin wanda Mista Szabo ya mutu yana fushi da shi.

Ɗakinsa ban taɓa ba. Har yanzu warin fenti yake yi.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Mako uku. Saƙo ɗaya ya turo: "Ina lafiya. Ki sha maganinki." Na karanta ya fi sau talatin.

Juma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Babbar Juma'a. Na je na furta wa Fada zunubina. Ya ba ni addu'o'in da zan yi, ya ce in nemi gafarar wanda na ɓata wa. Na ce ofis ko ɗana? Ya ce in fara da wanda ya fi wuya.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Ista. Na gasa burodi mai zaƙi da ƙwai biyu a kansa, kamar kowace shekara, a tsakiyar kwalaye. Na shirya tebur. Na zauna kusa da ƙararrawa daga sha biyu har biyar. Bernadine ce ta cinye rabi, ta ce ya yi gishiri. Bai yi ba.

Asabar, 26 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma, a 208

Ya zo. Ƙarfe tara na safe ƙararrawa ta yi ƙara. "Ni ne. An ce yau kike tashi." Aikin Bernadine ne, ita ta je har Barton ta same shi, ta ce masa in ya bar tsohuwa ta ɗauki firiji ita kaɗai, Allah ya isa.

Ya rame. Na rungume shi a bakin ƙofa, kuma Allah ya gani ban yi niyya ba, hancina ne ya yi abin da ya saba, neman warin giya. Ya ji. Ya ce, "Yis ɗin burodi ne, Mama. Shaƙa da kyau." Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa ido. Yis ɗin ne kuwa, da sabulu.

Ya kama ɗaki a titin Cannon, wajen wani abokin aikinsa. Kwana ukun nan neman ɗakin ya yi. Ban tambaya ba, shi ya faɗa, yana kwance ƙafar tebur, bai dube ni ba.

Shi da abokin suka sauko da komai kafin azahar. Ɗakinsa ya bari na ƙarshe. Ya kwance gadon ya ce ina za a kai. Na ce 208 babu wuri, nan kuma wata mai 'ya'ya uku aka ba. Ya ce, "To, a bar wa mai 'ya'ya ukun." Ya dubi bangon ya ce aƙalla za su samu sabon fenti.

Sai ya miƙa hannu saman kabad ya sauko da gwangwanin biskit na Kirsimeti. Na ɗauka hotuna ne. Ya buɗe a kan katifa. Takardun albashinsa ne, tun na Mayu, a jere, an maƙale su da abin shanya. Ƙarƙashinsu ambulan uku, kowanne da rubutun hannunsa: Haya, Mayu. Haya, Yuni. Haya, Yuli. A kowanne ya rubuta 840.

Ya ce, "Tun Janairu na yi lissafin. Na san za ta hau. Jira nake takardar ta zo in cike layina da kaina."

Na ce, "Na ga kana murza yatsa a tebur. Na ɗauka tsoro ne."

"Ɗoki ne, Mama." Ya rufe gwangwanin. "Shekara biyar kina rubuta babu a gaban sunana. Ina gani, ko a lokacin da kike zaton ba na ganin komai. So nake in ga lamba a wajen, sau ɗaya. In biya hayar gidan da na girma a ciki."

Na ce ka yafe mini. Na faɗa a fili, ba a zuci ba. Ya ce ya yafe tun tuni, ba wannan ba ce matsalar. Ya ce, "Da kin tambaye ni kawai."

Ya ɗauki ambulan ɗin, da su zai biya ɗakin Cannon. Ya haɗa mini gado, ya rataye hoton babansa, ya gwada famfo. Ya ce zai zo ranar Lahadi mai zuwa in na yi kifi. Zai danna ƙararrawa.

Lahadi, 27 ga Afrilu, ƙarfe takwas na safe

Tagar nan wajen ajiye shara take kallo. Lif ba shi da nisa daga nan, duk wanda ya hau sai na ɗaga kai.

Ya bar burodi a kan firiji, ban gani ba sai yanzu. Ƙarƙashinsa takardun albashin ne da abin shanyarsu. Ban sani ba ko mantuwa ya yi.

158 bisa 91.

Layi na farko: Odília Raposo, fansho.

Layi na biyu: Telmo Raposo, ɗana, mai gasa burodi, dala 2,800 a wata.

Ranar Talata likita za ta buɗe littafin nan ta gani. Ta gani.